Magina da ƙuri'a a Nijar: daga PPN zuwa Sawaba, 1946-1959

Manufar wannan ƴar takarda ita ce mu duba yadda ƴan ƙwadago, musamman magina da leburorinsu, suka sake sheƙa a siyasar Nijar kafin samun ƴancin kai, da dalilin da ya sa ƙuri'arsu ta kasa riƙe jam'iyyar da suka ɗora bisa mulki.

A shekarar 1946 dokar Hufuwe Buwanyi ta soke aikin tilas, Faransa kuma ta kafa asusun FIDES don gina hanyoyi, makarantu, asibitoci da ofisoshi a ƙasashen da take mallaka. Aikin da a da ake kai talaka da bulala ya koma aikin albashi. Ƴan ci-rani suka riƙa kwararowa Yamai, Damagaram da Maraɗi da rani, su ɗauki bulo da yashi, damina ta faɗi su koma gona. A wannan shekarar aka kafa PPN, reshen RDA, wadda malaman makaranta da akawuna ke jagoranta, ƴan ƙwadago na biye.

Baraka ta fito bayan da RDA ta raba gari da jam'iyyar kwaminis ta Faransa a 1950. Jori Hamani ya bi sabuwar hanyar sasantawa da gwamna, Jibo Bakari ya ƙi, ya koma aikin sandika. Dokar aiki ta Disamba 1952 da yajin aikin 1953 na neman a zartar da ita sun nuna wa lebura wanda ke tsaya masa. Da Jibo ya kafa UDN a 1954, jam'iyyar da jama'a suka laƙaba wa suna Sawaba, ƙarfinta na wurin magina, direbobi, ƴan kamasho, teloli da ƙananan ƴan kasuwa. Su ne suka kai kiranta ƙauyuka.

A nan ne, a ganinmu, matsalar take. Dokar Defar ta 1956 ta bai wa kowane baligi ƙuri'a, masu albashi kuwa ƴan ƙalilan ne cikin tarin manoma da makiyaya. Dole Jibo ya haɗa kai da BNA, jam'iyyar da sarakuna ke mara wa baya. Ƙawancen ya ba shi kujerar magajin garin Yamai a 1956, da kujeru 41 cikin 60 a zaɓen Maris 1957. Jam'iyyar talakawa ta hau mulki da goyon sarauta.

A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958 Sawaba ta ce "a'a". Gwamna Kolombani ya janye mata sarakuna, "i" ta samu kusan kashi 78 cikin 100. Magini kuwa ya tsinci kansa tsaka mai wuya: jam'iyyarsa na kiran ƴanci, alhali kuɗin ginin da yake ci daga Faransa suke fitowa, kuma Dagol ya faɗa a fili cewa ƙasar da ta ce "a'a" ta yi ban kwana da taimako. An haramta Sawaba a Oktoba 1959.

Abin da muke jawo hankalin ɗalibai a kansa shi ne, ƙuri'ar ɗan ƙwadago tana rataye da mai biyan aikin da yawan waɗanda yake zaɓe tare da su. Binciken da ya rage shi ne a ɗauki sakamakon 1958 gari-gari, a gwada shi da wuraren da FIDES ke gini a lokacin.