Tsohon Gidan Ƙasa a Gusau: A Rushe ko a Yaɓe?

Idan damina ta kankama a watan Agusta, akwai gidajen da masu su ba sa samun barci a Gusau. Gidajen ƙasa ne na tsofaffin unguwannin da ke kewaye da Kanwuri, masu zaure da soro da rufin azara. Katanga ta tsage, indararo ya karye, ruwa ya soma cin gindin bango. Sai magada su taru, wani ya ce a rushe a sa bulo tun bai danne mutane ba, wani ya ce ginin kakanni ne, ba mai taɓa shi. Ana irin wannan gardama a Tsafe, ana yin ta a Bungudu, kuma sau da yawa ruwan sama ne ke yanke hukunci kafin a kai ga matsaya.

Mutanen wannan yanki sun san abin da ake nufi da gari ya ɓace. 'Yandoto, kusa da Tsafe ta yau, ta shafe ƙarnuka tana cibiyar karatu a ƙasar Katsina, almajirai na zuwa daga nesa. Wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin, malamai suka watse. Ɗaya daga cikin waɗanda suka bi Shehu Usmanu, Malam Sambo Ɗan Ashafa, shi ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, kuma har yau ana kiran sarkinta Sarkin Katsinan Gusau. Sarkin Tsafe kuwa 'Yandoton Tsafe ake ce masa. Suna ya tsira a bakin mutane da cikin sarauta, amma zaurukan da aka yi wancan karatu sun koma ƙasar da aka ɗebo su.

Ginin ƙasa yana iya daɗewa ƙwarai, muddin ana kula da shi. Magina kan cuɗa jar ƙasa da ciyawa, su mulmula tubali, su shanya, su jera shi bango mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Rufi kuwa na azara ne, wato faskaren giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta yi yawa, gwanaye suka ƙware wajen ɗaura bakan gizo da ɗaurin guga don a sami ɗaki mai faɗi. Sai a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a dalaye rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema. Kowane gida kenan yana jingine da marini da majemi da mai saran giginya. Sharaɗin kuwa guda ne: kowane rani a yi yaɓe, a gyara indararo, a toshe tsaga kafin ruwan farko.

Wannan al'ada ta yaɓe ita ce ta fara rauni, tun kafin bangaye su raunana. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Garin ya zama babbar kasuwar gyaɗa da auduga, kantunan Turawa da na Kwarori suka buɗe, Sabon Gari da Tudun Wada suka cika. Jirgin da ya kwashi gyaɗa shi ya kawo kwano da siminti, kuma rufin kwano ya zama shaidar cewa mutum ya samu. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta zama hedikwata, fili ya yi daraja, 'ya'yan magina da yawa suka koma aikin bulo. Wasu masu gida suka lulluɓe bangon ƙasa da siminti da niyyar kare shi, alhali siminti yana riƙe danshi a ciki, bango ya yi ta ruɓewa ba a gani ba.

Ga kuma gado. Gidan da mutum ɗaya ke yaɓewa, idan ya zama na magada da yawa, kowa sai ya jira ɗan'uwansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan dillalan filaye kan shigo.

Abin da ya faru a Zariya ya isa jan kunne ga mai cewa kada a taɓa komai. Masallacin Juma'a na birnin, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya kasance cikin gine-ginen ƙasa mafi shahara a Afirka ta Yamma. A ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashensa ya rufta ana cikin salla, aka rasa rayuka. Kano kuwa ta nuna fuska biyu. A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, kuma wadda aka gina a madadinta ba ta maido da abin da aka rasa ba. Amma Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, duka na ƙasa, suna nan ana shiga, saboda an ba su aiki kuma an ci gaba da gyara su. A Nijar ma tsohon birnin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, da gidajen da mutane ke kwana a cikinsu.

Don haka bai kamata a yanke wa tsohon gida hukunci da ido kawai ba. Magini da ya san aikinsa zai duba gindin bango, ya ƙwanƙwasa azara, ya gane ko tsagar ta yaɓe ce ko ta kai ga tubali. Idan tushe ya jiƙe ya zauna, a fitar da mutane, a sauke ginin, a tsame azara da ƙyamare, a ɗauki hoto, a rubuta wanda ya gina shi da waɗanda suka zauna cikinsa. Idan kuwa rufi ne kawai ya gaji, gyara ya fi rushewa araha, kuma ko an sabunta cikin gida ana iya barin zaure, tunda a nan aka yi karatu da ɗaurin aure da sulhu.

Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana kare wuraren da aka ayyana ne, gidan talaka ba ya cikin lissafinta. Nauyin yana kan masarautun Gusau da Tsafe da Bungudu da gwamnatin jiha. Suna iya tura masu unguwanni da tsofaffin magina su ƙidaya gidajen a lokacin rani, su ware wanda za a gyara da wanda ya zama haɗari, a tallafa wa magadan da suka zaɓi gyara, a kuma haɗa matasa da dattawan da har yanzu suka iya haɗa laso da ɗaura bakan gizo.