Kana Maigatari, Takardarka Na Fita a Gumel

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Wani kawuna ne ya jawo wannan hirar. Ɗan kasuwa ne, yana da ɗan ofis a Gumel inda ya ajiye firinta da yaro mai kula da lissafi, sannan yana da rumfa a Maigatari da tsohuwar kwamfutar tebur a ciki. Ranar Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, in ciniki ya faɗa sai an fitar da takardar kaya a Gumel kafin direba ya tashi. Rannan ya kira ni ya ce, "Kai yaro, ba kwamfuta ka karanta ba? So nake in danna a nan, takarda ta fito a can." Na ce, "Kawu, ai wannan ƙaramin aiki ne." Wallahi sai da ya cinye min sati biyu. A cikin sati biyun nan ne na gane cewa abin da Kawu ke nema ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba: yaya za a yi rubutunka ya sauka a kan takarda a garin da ba ka nan?

Mu koma watan Maris na 1851. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda a ƙasashen nan yake amfani da sunan Abdulkarim, ya baro Kano zai tafi Kukawa, hedikwatar Barno a lokacin. Hanya ta biyo da shi ta Gumel. A littafinsa ya bayyana garin a matsayin babbar kasuwar kanwa, inda fatake daga wajen Barno ke haɗuwa da masu sara zuwa ƙasar Hausa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a nan Gumel ɗin ne aka damƙa masa wasiƙu daga Turai, bayan ya yi watanni bai ji ɗuriyar gida ba. Ku tsaya ku hasko tafiyar takardun nan. An rubuta su a Turai, sun ƙetare teku zuwa Tarabulus, sun hau raƙumi sun ratsa Sahara, suna fita daga hannun wannan suna shiga na wancan, har suka tarar da mutumin da shi kansa ba a zaune yake wuri ɗaya ba. Adireshinsu kawai sunan mutum ne da labarin inda aka gan shi a ƙarshe.

Haka sarakunanmu ma suke yi. Malamin fada ya rubuta da alƙalami da tawada, a buga hatimi, a ba ɗan aike ya hau doki. Takardar da aka rubuta, ita ɗin ce dai za ta isa. In ruwa ya jiƙa ta ko 'yan fashi suka tare hanya, saƙo ya mutu.

Wayar tangarahu ce ta fara raba rubutu da takardarsa. Samuel Morse ya aika saƙonsa na gwaji daga Washington zuwa Baltimore a 1844, Turawan mulkin mallaka kuma suka ja layukanta a Arewa a farkon ƙarni na 20, lokacin da ƙasashen nan, har da Gumel a 1903, suka shiga hannunsu. Ka rubuta a nan, takardarka ta tsaya a nan, sai ƙyas-ƙyas ya bi waya, akawu a can ya sake rubutawa a sabuwar takarda. In ka lura, akawun nan shi ne firintar zamaninsa. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Gagarawa, an kammala shi a 1930, ya sauƙaƙa ɗaukar buhunan wasiƙu da na gyaɗa. Amma ɗab'i na gaske yana can nesa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. Mutumin Sule Tankarkar in yana son ganin kalamansa da baƙaƙen inji, sai dai ya tura wasiƙa ya zauna jira. A ofisoshin En'e da makarantu kuwa tafireta ce da takardar kabon, daga baya injin juya takardun jarrabawa da hannu. Tambayi duk tsohon malamin makaranta warin tawadarsa, zai ba ka labari.

To yanzu mu tsallaka Amurka, don a can aka ƙulla igiyar da Kawu ke nema. A wancan zamanin kamfanin Xerox yana da cibiyar bincike a Palo Alto, jihar Kalifoniya. A farkon shekarun 1970 wani injiniyansu, Gary Starkweather, ya haɗa firinta mai aiki da hasken leza. Inji ne ƙato, mai tsada, mai saurin tsiya, ba yadda za a yi a saya wa kowane ma'aikaci nasa. Dole guda ɗaya ta wadaci kowa, kowa kuma yana teburinsa. A 1973 Robert Metcalfe ya rubuta tsarin da ya kira Ethernet, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilansa shi ne kwamfutocin ginin su iya tura aiki zuwa wannan firintar. Wannan igiyar da kuke gani ana soka wa a bayan kwamfuta a cibiyoyin jarrabawar JAMB, jikarsa ce. Mu muna ɗauka don intanet aka yi ta, alhali neman takarda na cikin abin da ya haife ta.

Akwai wani labari da nake so. Wajen 1980, a jami'ar MIT, Xerox ta ba wani ɗakin bincike kyautar firinta. Tana wani bene daban, kuma takarda na yawan maƙale mata. Mutum ya tura aiki, ya jira, ya hau bene, ya tarar ba abin da ya fito. Wani mai rubuta manhaja, Richard Stallman, ya taɓa gyara tsohuwar firintarsu yadda za ta riƙa sanar da mutane in ta maƙale. Ya nemi yi wa sabuwar haka, aka hana shi ganin asalin rubutun manhajarta. Haushin wannan na cikin abin da ya tura shi ya ƙaddamar da aikin GNU a 1983, wanda shi ne ginshiƙin abin da yau muke kira Linux. Duk wanda ya taɓa zagin firinta a ransa, ya sani yana da manyan 'yan uwa.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa. HP ta fito da LaserJet a 1984. Aka samu yarukan da kwamfuta ke magana da firinta ta cikin netwok, kowanne da lambar ƙofarsa: tsohon tsarin LPD na ƙofa 515, na HP JetDirect na ƙofa 9100, sai IPP na ƙofa 631 da ya bayyana a 1999. A shekarar ce kuma Michael Sweet ya saki CUPS, manhajar da har yau ita ke kula da firintin a Linux da kwamfutocin Apple. Google ma ta kawo nata a 2010, Cloud Print, wanda da shi za ka tura daga ko'ina, amma ta rufe shi a ƙarshen 2020. Da yana nan, da aikin Kawu bai wuce yini ɗaya ba.

Mu kuma a ina muke duk wannan lokacin? An ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, takardun gwamnati suka koma Dutse maimakon Kano, amma a mota suke tafiya cikin fayil. Zamanin Gwamna Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, an yi ta maganar fasahar sadarwa, aka kafa makarantar Informatics a Kazaure da kamfanin intanet na jiha, Galaxy. Wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001. Shagunan buga takardu suka fara buɗewa, musamman kusa da Kwalejin Ilimi ta Gumel inda ɗalibai ke neman inda za a buga musu furojet.

Nan kuma muka gamu da tamu matsalar ta daban, wadda Bature bai san da ita ba: ƙugiya. Ka buga rubutunka da ƙ da ɗ da ɓ tsaf, ka kai wata kwamfutar a fitar, sai ka ga wasu alamomi ko ɗan akwati a gurbinsu. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiri font ɗin Rabi'at, marubuta suka samu sauƙi. Sai dai in kwamfutar da za ta buga ba ta da shi, ƙugiyoyin sun tafi. Unicode ya rage wannan ciwon kan, PDF kuma, wanda Adobe ta fitar a 1993, yana iya tafiya da baƙaƙensa a cikinsa. Shi ya sa har gobe nake cewa kada ka tura wa mai shago fayil ɗin Word in Hausa ce a ciki. Mayar da shi PDF tukuna.

To mu dawo kan Kawu. Matakin farko na yi shi a Gumel cikin minti goma. Na soka firintar a rauta da igiya, na sa ta fitar da shafin bayananta, na ga adireshin IP ɗinta, 192.168.1.50. A kwamfutar ofis na shiga wajen ƙara firinta, na zaɓi ƙarawa ta adireshi, na rubuta lambar, na sa direbanta, shafin gwaji ya fito. Na hau mota zuwa Maigatari ina jin kaina. Na rubuta lambar nan a kwamfutar rumfa. Shiru.

Dalili kuwa, duk adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne. Kamar ka ce "ɗaki na uku daga zaure". A cikin gidanku kowa ya gane, amma ka rubuta haka a bayan ambulan ka kai gidan waya ka ga ko za ta je. Miliyoyin gidaje na da ɗaki na uku. Wani zai ce to a buɗe ƙofa 9100 a rauta ta fuskanci duniya. Na farko, rautar da ke aiki da layin waya galibi ba ta da adireshin kanta a intanet, ita da ɗimbin mutane suke raba ɗaya, don haka ko ka buɗe ba mai iso ka. Na biyu, ko da zai yiwu, ganganci ne. A ƙarshen 2018 wani ɗan kutse ya sa firintoci kusan 50,000 a faɗin duniya suka fitar da takardar tallata wani ɗan YouTube, PewDiePie, don kawai masu su sun bar ƙofar a buɗe. Shi wasa ya yi. Wani ba wasa zai yi ba.

Abin da ya yi aiki shi ne VPN, wato ɓoyayyar hanya tsakanin kwamfutoci biyu da ke sa su zama kamar a gida ɗaya suke. Na sa manhajar a kwamfutar Gumel da ta Maigatari, na raba firintar daga ta Gumel, ta Maigatari ta gan ta. Kawu ya danna, yaron ofis ya bugo waya yana cewa ta fito. Kawu ya dube ni ya ce, "Ashe dai kuɗin makarantar ba su tafi a banza ba."

Alhamis ta gaba aka ɗauke wuta a Gumel. Da aka tayar da janareta rauta ta sake rabon adireshi, firinta ta tashi daga 50 ta koma wata lamba, kwamfutar ofis kuma tana ta aika aiki tsohon ɗaki. Kawu ya danna bai ji labari ba, ya sake dannawa, ya sake. Direba na jira, rana na yi. Ƙarshe hoton takardar ya ɗauka ya tura ta WhatsApp wa wani mai shago, yaro ya je a guje ya karɓo. Washegari da na je na ɗaure firintar a kan adireshi ɗaya da ba ya canzawa, duk abin da ya taru a layi ya fara zubowa, kwafi goma sha ɗaya na takarda ɗaya. Laifina ne, tun ranar farko ya kamata in ɗaure lambar.

Abin da Kawu ya yi da ya matsu, shi ne abin da kusan dukkanmu muke yi kullum. Kana Gagarawa, ka tura sakamakon jarrabawa ko silif ɗin JAMB wa mai shago a Gumel, ka tura kuɗi, ƙaninka ya karɓo. Yana aiki, ba ya buƙatar rauta, kuma tsarin akawun tangarahu ne ya dawo: mutum a ɗaya ƙarshen. Bambancin shi ne kwafinka na zama a wayarsa da kwamfutarsa bayan ka manta. Na taɓa zama a wani shago ana neman fayil ɗina a jakar saukarwa, ina kallon takardun NIN na mutane, da bayanan asusun banki, da sakamakon asibiti suna wucewa a allo. Mai shagon ba mugu ba ne, bai dai taɓa tunanin gogewa ba. Tun ranar, in na tura abu mai lambar sirri nakan ce a goge a gabana ko a gaban wanda na aika, a wayar da kuma kwamfutar, har da kwandon shara. Shafin da ya lalace wajen bugawa ma ina karɓar abina, don na san inda irinsu ke ƙarewa, wajen mai ƙosai.

Na Kawu dai yana nan yana aiki, muddin akwai wuta a Gumel, da data a ɓangarorin biyu, kuma yaron ofis bai kashe kwamfuta ya tafi cin abinci ba. Yanzu maganar sola yake yi. Lambar mai shagon nan kuma bai goge ta daga wayarsa ba, na duba.

Wanda ya taɓa haɗa irin wannan a shagonsa ko makarantarsu, ya faɗa mana yadda ya yi da matsalar wuta. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.