Daga Gandun Sarki Zuwa Ƙofar Manomi: Tarihin Neman Izinin Harbi a Ingila

 Yau za mu leƙa ƙasar Ingila mu duba wata al'ada da ta zama ruwan dare a karkararsu. Duk wanda ya mallaki bindiga yana son harbin zomo ko tantabarar daji, sai ya je ƙofar manomi ya yi sallama, ya gabatar da kansa, ya roƙi izini. In an amince masa, yawanci a rubuta takarda a sa hannu. In an hana shi, ya juya ya nemi wata gonar. Mai kallo daga nesa zai ce ai wannan ladabi ne da kowa ya sani. Amma tarihi ya nuna cewa sai da aka shafe kusan shekara ɗari takwas ana ja-in-ja, ana ɗauri har da rataya, kafin manomin Ingila ya samu bakin magana a kan dabbar da ke cin amfanin gonarsa.

Labarin ya faro ne daga 1066, shekarar da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi. Shi da 'ya'yansa masu son farauta ne ƙwarai, don haka suka keɓe manyan yankuna suka mai da su gandun sarki. Mafi shahara shi ne wanda ake kira New Forest a kudancin ƙasar, wanda aka kafa wajen 1079. Kada kalmar gandu ta sa mu zaci daji ne da ba kowa. A cikinsa akwai ƙauyuka da gonaki da mutane, sai dai dokar da ke kansu daban take. Barewa ta sarki ce ko da a tsakiyar shukarka ta kwana. Wanda ya kashe ta yana iya rasa idanunsa. Karnukan mazauna gandu kuwa ana datse musu farata uku na ƙafar gaba don kada su iya bin dabba. A cikin wannan gandu ne kibiya ta kashe ɗan Wiliyam, wato Sarki Wiliyam na Biyu, yana farauta a 1100.

Sassaucin farko ya zo a 1217, zamanin Sarki Henri na Uku, da aka fitar da Yarjejeniyar Gandun Daji. Ta hana kashe mutum ko yanke masa gaɓa saboda barewa, ta mayar da hukuncin tara ko ɗauri. An rage zafin hukunci, amma naman daji bai koma hannun talaka ba. Abin da ya faru a ƙarnonin da suka biyo baya shi ne ikon ya riƙa zamewa daga fadar sarki yana komawa hannun manyan masu ƙasa, waɗanda su ne suka cika majalisar dokoki.

Dokar Farauta ta 1671, a zamanin Sarki Charles na Biyu, ita ce ta fito da wannan ƙarara. Ta ce ba mai ikon farautar zomon daji ko fakara da dangoginta sai wanda ƙasarsa ta mallaka ke kawo masa fam 100 a shekara, ko mai doguwar haya da ta kai fam 150, ko magajin wani babban mutum. Wannan kuɗi ya fi ƙarfin yawancin manoma nesa ba kusa ba. Sakamakon haka, ƙaramin manomi mai gonar kansa zai ga zomo na cin alkamarsa, in ya harbe shi ya karya doka. Dokar ta kuma ba iyayen ƙasa damar naɗa masu gadin dawa, waɗanda ke da ikon ƙwace bindiga da kare da raga daga hannun wanda bai cancanta ba. A wancan zamani babu maganar mai bindiga ya roƙi manomi. Manomin ne ke sunkuyar da kai in maigida da baƙinsa suka ratsa shukarsa da dawakai da karnuka.

Yunwa kuwa ba ta san doka ba. Talakawa suka ci gaba da farautar sata cikin dare, wasu don tukunya, wasu don sayarwa a birane. Majalisa ta mayar da martani a 1723 da dokar da aka fi sani da Baƙar Doka. An yi mata wannan suna ne saboda wasu gungun mafarauta a yankunan Waltham da Windsor da ke shafa baƙi a fuska don ɓad da kama. Dokar ta sa hukuncin kisa a kan laifuffuka kusan hamsin, ciki har da shiga gandu da makami da ɓadda kama. A 1755 aka haramta sayar da naman waɗannan dabbobi, abin da ya ƙara wa kasuwar bayan fage armashi. A 1816 aka yi dokar da za ta iya sa a kori wanda aka kama da makami cikin dare yana neman dabba zuwa ƙetare na shekara bakwai, kuma Ostireliya ce inda ake kai irin waɗannan fursunoni a lokacin. Masu ƙasa suka riƙa ɗana tarkon ƙarfe mai karya ƙafar mutum, da bindigar da ke tashi da kanta in an taɓa igiya. Tarko bai san ɓarawo ba, bai san mai wucewa ba, shi ya sa aka haramta ɗana su a dawa a 1827.

Gyara na gaske ya fara a 1831. Sabuwar Dokar Farauta ta soke sharaɗin dukiya, ta ce duk wanda ya sayi lasisi yana iya harbi, amma a ƙasarsa ko inda aka ba shi izini. Ta halatta cinikin naman ga dillalai masu lasisi, ta tsara lokutan da ake buɗe harbi da rufewa, ta hana harbin waɗannan dabbobi ranar Lahadi da ranar Kirsimeti. A nan ne izini ya shigo tsakiyar magana. Sai dai tambaya ta rage: izinin wa? Yawancin manoman Ingila a lokacin 'yan haya ne, kuma masu ƙasa suna rubutawa a takardar haya cewa haƙƙin harbi nasu ne. Manomi ya biya haya, ya yi shuka, zomayen maigida su cinye, in ya yi magana a ƙi sabunta masa haya. Ɗan majalisa John Bright ya sa aka kafa kwamitin bincike kan dokokin a 1845, manoma suka ba da shaida kan ɓarnar da ake musu, amma masu ƙasa sun fi yawa a majalisa. A 1862 ma ƙara wa 'yan sanda iko aka yi na binciken mutum a kan hanya in suna zargin ya fito farautar sata.

Abubuwa biyu suka juya lamarin. Na farko, tun 1872 aka koma jefa ƙuri'a a asirce, don haka maigida ya daina sanin wanda ɗan hayarsa ya zaɓa. Na biyu, ƙarshen shekarun 1870 noma ya shiga mawuyacin hali, ga damina mai ɓarna a 1879, ga alkamar Amurka mai araha ta cika kasuwa. Manomin da ke asara ba zai ci gaba da ciyar da zomayen wani kyauta ba. Da gwamnatin Gladstone ta hau a 1880, a shekarar aka zartar da dokar da ta ba duk mai noma ƙasa, ko ɗan haya ne, ikon kashe zomaye a gonar da yake nomawa, kuma ta ce babu takardar hayar da za ta iya ƙwace masa wannan haƙƙi. Dokar ta ƙayyade cewa shi da mutum ɗaya da ya ba izini a rubuce ne kaɗai za su yi amfani da bindiga, kuma wanda aka ba izinin zai nuna takardarsa in an tambaya. Wato sa hannun manomi ɗan haya ya zama abin da doka ke girmamawa a maganar harbi. Tsuntsaye irin su fakara dai sun ci gaba da zama na mai ƙasa in ya keɓe su.

Ƙarni na 20 ya ƙarfafa hannun manomi ta wata fuska. Tun 1920 mallakar bindiga mai harsashi guda ta koma sai da takardar 'yan sanda. A ƙarƙashin Dokar Bindigogi ta 1968, shiga ƙasar wani da bindiga ba da izini ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa. Mai neman takardar irin wannan bindiga kuma sai ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili, kuma ga mai son harbin dabba dalilin shi ne a ce yana da ƙasar da aka yarda ya yi harbi a cikinta. Shi ma manomin yana da buƙata, domin Dokar 1954 ta ɗora wa mai riƙe da ƙasa alhakin rage zomaye, ga tantabarun daji da ke far wa shuka garke-garke. Sai abin ya zama cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: maharbi ya samu fili, manomi ya samu mai tsare masa amfani. Amma wuƙa da nama suna hannun manomi. Wanda ya bar ƙofar shinge a buɗe dabbobi suka fita, ko ya yi harbi kusa da garke, ko ya zo da abokan da ba a san da su ba, ya rasa izininsa, kuma labari ba ya daɗewa bai kai gonar maƙwabta ba.

Me ya haɗa mu da wannan tarihi? Turawan da suka mulke mu sun zo da wannan tunani na lasisi da keɓe daji. A 1900 ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka sa hannu a Landan kan yarjejeniyar kare namun dajin Afirka, kuma a 1956 aka keɓe Yankari a ƙasar Bauchi. Mu kuwa muna da namu tsarin tun kafin zuwansu. Farauta sana'ar rani ce, ana fita bayan an kawar da amfani, ƙarƙashin jagorancin sarkin baka ko shugaban 'yan farauta, da sanin mai gari. Ba a cika neman izinin mai gona ɗaya ɗaya ba, domin a lokacin gonar kara ne kawai a cikinta.

Yau kiɗan ya canza. Noman rani ya yawaita, akwai rogo da ke kwana a ƙasa, akwai lambuna da itatuwan da aka dasa, karan da ake bari ma ya zama kuɗi ga mai kiwo. Ayarin farauta da ya ratsa fadama da karnuka, ko ya cinna wa daji wuta don korar gafiya, yana iya ƙona wa mutum wahalar shekara guda cikin sa'a ɗaya. Hausawa dai da kansu suke kiran shisshigi da shiga gonar wani. Ba sai mun jira majalisa ko kotu ba kafin shugabannin 'yan farauta su riƙa zama da masu unguwanni da manoma gabanin fita, a faɗi ranar, a faɗi inda za a bi da inda ba za a taka ba, a kuma amince da wanda zai biya in an yi ɓarna. Ingila ta kai ga wannan fahimta bayan an rataye mutane an kori wasu daga ƙasarsu saboda zomo da barewa. Mu muna iya kaiwa gare ta da sallama a ƙofar mai gona.

Allah Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a karkararmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.