Himofiliya: Renon yaron da jininsa ba ya daskarewa, daga goyo zuwa girma

Himofiliya cuta ce ta gado wadda ke hana jini daskarewa da wuri idan ya fara zuba. Mai nau'in A ba shi da isasshen sinadarin daskarewa mai lamba 8, mai nau'in B kuma mai lamba 9 ne ya yi masa ƙaranci. Ana cewa cutar ta yi tsanani idan sinadarin bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ke jikin mai lafiya ba. Irin wannan yaro jini kan tsiyaya a cikin gaɓoɓinsa ko da bai ji rauni ba. Nau'in A na samun kusan ɗa namiji 1 cikin 5,000 da aka haifa.

Maza cutar ta fi kamawa, kuma ta wajen uwa take biyowa. Macen da ke ɗauke da ƙwayar gadon, kowane ɗa namiji da ta haifa zai iya gadonta ko ya tsira, rabi da rabi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar kuwa ba a taɓa ganin ta a danginsu ba. Ba a ɗaukar ta ta hanyar cuɗanya, kuma dabam take da sikila.

Lokacin goyo

A ƙasar Hausa, sau da yawa askar wanzami ce ke fara tona cutar: cire beli, tsaga ko kaciya, sai jini ya ƙi tsayawa. Gidan da aka taɓa rasa yaro ta haka, ko kawun jariri na wajen uwa yake da matsalar, wajibi ne a gwada jinin jaririn kafin aska ta taɓa shi. Kaciya na yiwuwa, amma a asibiti, bayan an yi masa allurar sinadarin. Ana yi masa rigakafi kamar kowane yaro, sai dai likitoci sun fi son a yi allurar a ƙarƙashin fata maimakon cikin tsoka. Idan ya fara rarrafe, iyaye su lura da kumburi, tabon kwanciyar jini, da ƙin motsa hannu ko ƙafa.

Shekarun makaranta

Babban abin tsoro shi ne zubar jini a gwiwa, idon sawu da gwiwar hannu. Idan ta yawaita tana cinye gaɓar, yaro ya girma da nakasa. Shi ya sa likitoci ke fifita allurar kariya a jijiya sau biyu ko uku a mako. Akwai kuma emicizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2017 don nau'in A, ana yin sa a ƙarƙashin fata duk mako, ko mako biyu, ko huɗu. Kusan kashi 30 cikin 100 na masu nau'in A mai tsanani jikinsu kan ƙirƙiro garkuwa mai kashe ƙarfin sinadarin, don haka idan allura ta daina aiki a koma asibiti.

Asfirin, ibufurofen da daiklofenak suna ƙara zubar jini. Farasitamol ne ya fi dacewa. Ƙaho da tausar gaɓar da ta kumbura suna da haɗari. Buguwa a ka, kumburin wuya ko ciwon ciki mai tsanani, lamari ne na gaggawa ko da ba a ga jini ba. Ninƙaya da tafiya suna ƙarfafa tsoka, dambe da kokawa kuwa a guje musu. Ya kamata malamansa su san halin da yake ciki.

Samartaka da girma

A nan aikin iyaye ke sauyawa daga tsaro zuwa miƙa ragama. Yaron kan ji ɗumi ko tsiri-tsiri a gaɓa kafin kumburi ya bayyana, don haka a saba masa da faɗa da wuri ba tare da tsoron faɗa ba. Da yawa suna koyon yi wa kansu allura kafin su balaga. Saurayin da ya san nau'in cutarsa, sunan maganinsa da adadinsa, zai iya karatu ko aiki nesa da gida.

Idan ya yi aure, 'ya'yansa maza ba za su gaji cutar daga gare shi ba, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauki ƙwayar gadon. Su ma 'yan'uwansa mata suna buƙatar gwaji, domin wasunsu kan yi fama da yawan jinin al'ada ko zubar jini bayan haihuwa.

Tsadar magani ita ce babban cikas a Najeriya, inda iyalai da yawa suka dogara da gudummawar da Tarayyar Himofiliya ta Duniya, wadda aka kafa a 1963, ke aikowa ta hannun Gidauniyar Himofiliya ta Najeriya. Ana tunawa da masu cutar a duk ranar 17 ga Afrilu.