Kunkuru, Biri Da Damisa: Abin Da Na Gano A Zanzibar

Wannan karon ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, don haka masu jiran ci gaban littafi ku yi mini afuwa zuwa fitowa ta gaba. Tarihi zan ɗan taɓa, na wani gari da ke bakin teku, wanda tun da na baro shi ya ƙi fita daga raina.

A shekarar 2019 na raka wani aminina ɗan kasuwa zuwa Darussalam ta ƙasar Tanzaniya. Da na ga harkokinsa za su ɗauki kwanaki, sai na hau jirgin ruwa na tsallaka Zanzibar, tafiyar kamar awa biyu. Tsohon garin shi mutanen wurin suke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma suna ce masa Stone Town. Kusan kowa Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina, lunguna ƙanana kamar na cikin birni, sai dai gidajen benaye ne na dutsen teku masu manyan ƙofofin katako da aka yi wa sassaƙa.

Washegari da safe na fito bakin ruwa sai na ga wani ƙaton jirgi na masu yawon shaƙatawa ya tsaya can nesa kaɗan, fari fat, tsayinsa kamar an ɗora otal a kan ruwa. Ƙananan jirage suna ta jigilar fasinjojinsa zuwa gaɓa, yawancinsu tsofaffin Turawa ne da malafa da kyamara. Samari 'yan rakiya suka tare su, kowa yana tallar inda zai kai su: ga tsibirin kunkuru, ga gonar kayan ƙamshi, ga dajin birai. Kafin magariba kuma dole su koma jirgi. To abin da suka zagaya a yini guda, ni kwana uku na yi ina bi, saboda ina da ciwon tambaya, kuma na dawo gida na bi littattafai.

Na fara da tsibirin kunkuru, wanda sunansa na asali Changuu. Wani dattijo ne ya kai ni a kwalekwalensa mai inji, tafiyar kamar rabin awa, muna hira da guntun Turanci da guntun Larabci. Wallahi ban taɓa ganin irin waɗannan kunkuru ba. Namijin da ya ƙosa yana iya kai kilo 250, yaro zai iya ɓuya a bayansa. An rubuta wa wasu shekarunsu da fenti a kan ƙoƙon baya, ka ga an sa ɗari da wani abu. Baƙi suna miƙa musu ganye, suna shafa musu wuya, ana ta dariya da ɗaukar hoto.

Amma fa wurin ba don dariya aka fara amfani da shi ba. A shekarun 1860 Sarkin Zanzibar Majid ya ba wasu Larabawa biyu tsibirin, suka mai da shi wurin tsare bayin da suka yi taurin kai. A 1893 wani Bature mai suna Lloyd Mathews, wanda ya zama babban wazirin Sarki, ya sa aka gina kurkuku a wurin. Daga nan ya samo sunan tsibirin kurkuku, ko da yake ba a taɓa zuba fursunoni a ginin ba. Killace matafiya aka riƙa yi a can saboda tsoron cutar shawara. Su kuwa kunkuru baƙi ne. A 1919 Gwamnan Ingila da ke mulkin tsibiran Sishel ya aiko da guda huɗu kyauta. Suka hayayyafa har suka kai wajen 200 a 1955. Sai ɓarayi suka sa su gaba, ana sacewa ana sayarwa ƙasashen waje ko a yanka, har ya zamana a 1996 saura bakwai kacal. A lokacin ne hukuma ta farka, ta kewaye su, ta sa masu gadi. Na tambayi dattijon nan, na ce, "Baba, me ya sa sai da suka kusa ƙarewa aka damu da su?" Ya murza babban yatsansa da manuni, ya nuna mini jirgin nan da baki.

Rana ta biyu gonar kayan ƙamshi. A nan dai na ji ni a gida, domin kanumfarin da matanmu ke dakawa a kunu da fura da zoɓo, ga shi a kan bishiyarsa, ɗanyen toho ne da ake tsinka kafin ya buɗe a shanya har ya yi baƙi. Ga kirfa ana ɓare ta daga jikin itace, ga masoro yana nannaɗe da bishiya, ga citta. Wani yaro ya hau kwakwa yana waƙa, aka tafa masa, aka ba shi 'yan kuɗi.

Shi wannan kanumfari shi ya gina benayen da na faɗa, kuma da gumin bayi ya gina su. Sayyid Sa'id, Sarkin Oman, ya ga arzikin tsibirin ya fi na Maskat, sai ya taso da fadarsa ya dawo nan wajen 1840, ya matsa wa masu gonaki su dasa kanumfari. Tsinkar kanumfari kuwa aikin hannu ne mai cin mutane, don haka fatake suka riƙa kutsawa cikin ƙasa har yankin manyan tafkuna da gabashin Kwango, suna dawowa da hauren giwa da mutane a ɗaure. Mafi shaharar fataken shi ne Tippu Tip, gidansa yana nan a tsohon gari. A 1872 guguwa ta kakkarya yawancin itatuwan kanumfari na babban tsibirin Unguja, abin da ya sa noman ya fi ƙarfi a tsibirin Pemba. A 1873 Ingila ta tilasta wa Sarki Barghash ya rufe kasuwar bayi, amma ita bautar kanta sai a 1897 doka ta daina amincewa da ita. A filin kasuwar aka gina babbar majami'ar Angilika. Akwai wani rami a harabar da aka sa gumakan mutum biyar da sarƙa a wuya don tunawa. Na tsaya a kai na daɗe. Ni Musulmi ne, waɗanda suka yi cinikin nan yawancinsu masu salla ne, kuma a namu garuruwan ma an yi kasuwar bayi har zuwan Turawa. Ban ji daɗin tsayuwar ba, amma ban ga dalilin kau da kai ba.

Bari in ɗan ratse, tunda hali zanen dutse. A nan na ji labarin da ya fi duk wanda na taɓa ƙirƙira. Sayyida Salme 'yar Sayyid Sa'id ce da wata ƙwarƙwararsa. Ta kamu da son wani ɗan kasuwa Bajamushe, Heinrich Ruete, maƙwabcinta, ta gudu daga tsibirin a 1866, ta bar addininta ta aure shi, suka tare a Hambug. A 1870 hatsari ya kashe shi a kan titi, ya bar ta da 'ya'ya uku a ƙasar sanyi, danginta kuma suka juya mata baya. A 1886 ta fitar da littafin tarihin rayuwarta da Jamusanci. Da ni na rubuta wannan a littafi, da an ce na cika ƙarya.

Rana ta uku ce ta fi tsaya mini a rai, wato dajin Jozani, kamar kilomita 35 daga gari, wanda aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 2004. Akwai gadar katako da ake bi a ƙafa ta cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar yatsu, ƙananan ƙaguwa suna ta kai-komo a taɓo. Amma abin da ke kawo mutane shi ne wani jan biri mai farin gashi a ka kamar tsohon da ya tashi daga barci. Asalinsa a duk duniya tsibirin Unguja ne. Ƙidayar da aka fitar a 2017 ta nuna ba su kai dubu shida ba. Yatsu huɗu ne a hannunsa, babban yatsan ɗan guntu ne kawai. Kuma yana cin gawayi, har yakan sata a inda ake ƙona shi, saboda gawayin na kashe masa dafin wasu ganyayen da yake ci.

Sunansa a bakin mutanen wurin kima punju, wato biri mai guba. Manoma sun daɗe suna ƙinsa, suna cewa duk bishiyar da ya sa wa baki mutuwa take yi. Da baƙi suka fara biyan kuɗi don ganinsa, kuma aka tsara a riƙa ba ƙauyukan kewaye wani kaso na kuɗin shiga, sai ga biri mai guba ya zama ɗan gata. Har tudun rage gudu aka yi a titin da ya ratsa dajin don kada mota ta take shi.

To amma akwai maƙwabcinsa da bai samu wannan gata ba. Tsibirin yana da nasa irin damisa, ƙarama mai ƙananan ɗigo. Mutanen karkara sun yi imani cewa mayu ne ke kiwon ta, suna tura ta ta kama awaki da kaji ko ta razana wanda suke gaba da shi. A ranar 12 ga Janairu 1964 aka yi juyin juya hali, aka kori Sarki Jamshid, aka kashe dubban Larabawa da Indiyawa, a watan Afrilu kuma aka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. A cikin wannan zafin ne aka tayar da farautar mayu da damisoshinsu, ƙarƙashin wani mutum da ake kira Kitanzi, da sanin hukuma. Aka bi su da tarko da bindiga, aka ci gaba shekara da shekaru. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 masu bincike suka nemi damisa a tsibirin suka rasa. A 2018 wasu masu shirin talabijin na Amurka sun nuna wani hoton dare suka ce ita ce, masana da dama ba su gamsu ba. Wadda kowa ya tabbatar da ita ita ce wadda aka cusa wa fatarta kaya aka ajiye a gidan tarihi, launinta duk ya koɗe.

Ni a ganina bambancin biri da damisa ba wani abu ba ne illa lokaci. Dukkansu an tsane su, dukkansu an laƙa musu camfi. Shi birin ya yi tsawon rai har zamanin da jiragen baƙi suka fara zuwa, ita kuwa an gama da ita kafin kowa ya san za a iya sayar da kallonta. Haka na ji game da dolfin na ƙauyen Kizimkazi a kudancin tsibirin, dabbar ruwan nan mai shayar da 'ya'yanta. Da masunta farautarsa suke yi, daga shekarun 1990 suka koma kai baƙi su yi iyo kusa da shi. A yankin akwai masallacin da rubutun jikin bangonsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, amma yawancin motocin baƙi bakin ruwa suke nufa kai tsaye.

Ba ina zagin baƙin ba ne. Kuɗinsu ne ke ciyar da dattijon da ya tuƙa ni, shi ne kuma ke tsare kunkuru da biri. Abin da ya dame ni shi ne 'yan rakiya sun gane wane labari ne ke kawo kyauta, wane ne ke ɓata wa baƙo rai, don haka suna taƙaita na biyun. Wani saurayi daga cikinsu ya faɗa mini cewa kakarsa ta wajen uwa a gonar kanumfari aka haife ta, iyayenta bayi ne da aka 'yanta. Na ce, "Ƙanena, kana faɗa wa Turawan haka?" Ya ce in sun tambaya yana faɗa, amma ba su cika tambaya ba, lokacinsu kaɗan ne.

Daren da zan bar garin na zauna a lambun Forodhani da ke bakin ruwa, masu gashin kifi sun kunna fitilu, ana matse rake da citta da lemon tsami, yara suna sheƙowa da gudu suna faɗawa teku daga kan katanga. A bayana ga Baitul Aja'ib, fadar da Barghash ya gina a 1883, wadda wani ɓangarenta ya rufta a Disambar 2020, bayan dawowata. Wani jirgin baƙin, ba na ranar farko ba, ya yi ƙara sau uku ya juya. Saurayin nan yana gefena yana ƙirga abin da ya samu, ya ware na mai kwalekwale, ya ware na mai mota, sauran ya cusa a aljihu ya ce bari ya je ya yi sallar isha'i.