Yadda Fim ɗin Soyayya Ya Mayar da Ɗan Barkwanci Maigadi

Kafin kaset ɗin bidiyo ya shigo gidajenmu, mai ba da dariya shi ne uban tafiya a wasannin Hausa. Ɗan kama zai tsaya a kasuwa ya kwaikwayi malami mai jan baƙi, amma karatun nasa duk a kan tuwo da fura yake, jama'a na dariya suna kuma gane wanda ake yi da shi. Wawan sarki yana faɗa wa sarki abin da waziri ke jin nauyin faɗa. Azumi na kai goma yara za su fito tashe, a Kano kuma Nalako ya bi gwagware da kiɗa.

Da rediyo da talabijin suka zo, matsayin bai sauya ba. Usman Baba Pategi, tsohon soja ne da ya ɗauko Hausar bariki ya gina Samanja Mazan Fama a Kaduna, kuma duk labarin a wuyansa yake rataye. Haka Kasimu Yero a Karambana, haka Karkuzu na Bodara a Jos. Mu da muka tashi muna cincirindo a gaban talabijin ɗin maƙwabta, sunayensu muke kiran shirin da su, domin in babu su babu shirin.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, sana'ar fim ɗin bidiyo ta kankama. Zuwa 1999, lokacin da Sangaya ta fito da Ali Nuhu da Fati Muhammad, kasuwa ta riga ta zaɓi abin da take so: saurayi, budurwa, rawa da waƙa. Ba abin mamaki ba ne, domin masu shirya finafinan sun girma ne suna kallon Indiya a silima irin su Plaza da Marhaba da Eldorado. Daga can suka kwaso auren dole da soyayyar mutum uku, suka kuma kwaso ɗan rakiyar jarumi, irin rawar da Johnny Lever ya sha takawa, wanda ake saka shi don mai kallo ya huta kafin kuka na gaba.

A nan ne abin ya fara ci mini rai. A lokacin sai ka ga hoton ɗan barkwanci ƙato a jikin fasta, domin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai sun san fuskarsa na sayar da kaset. Ka saya, ka zauna, sai ka tarar an ba shi gadin ƙofar gidan Alhaji ko aikin yaron gida. Ya buɗe get, ya yi wa saurayin da ya zo zance shirme na ɗan lokaci, ya karɓi na goro, shi ke nan sai a fim na biyu. Ko an yanke fitowarsa baki ɗaya, labarin ba zai girgiza ba. Sau da yawa ma da ji ka san ba a rubuta masa komai ba, an dai kunna kyamara an ce ya yi abin dariya.

Rabilu Musa Ibro shi ne ya nuna girman abin da ake wasa da shi. Mutumin Ɗanlasan ne a jihar Kano, ya yi aikin gandiroba kafin ya koma fim. Shi da abokan aikinsa suka kama tasu hanyar ta camama, finafinai masu ƙaramin jari da ake ɗauka a ƙauye cikin 'yan kwanaki, suka bar wa 'yan santimental, wato masu fim ɗin soyayya, gidajen bene da motoci. 'Yan birni sun raina camama, amma ita ce ake kallo a tasha da shagon mai shayi har Maraɗi da Damagaram. Ibro yana iya zama Bafulatani yau, gobe Bagwari, jibi boka ko ɗan siyasa, kuma cikin shirmen nasa akwai sara mai zafi ga masu mulki. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta Kano ta ɗaure shi wata biyu kan Ibro Aloko. Ya rasu a Disambar 2014, Allah ya jiƙansa.

Wannan rabuwa ta cuci ɓangarorin biyu. Camama ta rasa rubutu mai tsari da kayan aiki, fim ɗin soyayya kuma ya rasa gishirinsa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne neman aure a ƙasar Hausa cike yake da raha tun asali. Dubi kakar da ke kiran jikanta mijinta tana kishi da budurwarsa, da taubasai masu tonon silili, da cinikin sayen baki tsakanin abokan ango da ƙawayen amarya, da ranar da Bafulatani ya je neman auren 'yar Barebari. Duk wannan yana ƙofar gida, aka tsallake shi aka tafi lambu ana rawa.

Shirin Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya nuna cewa in aka zauna aka rubuta wa 'yan barkwanci labari, za su riƙe mai kallo mako bayan mako. Bosho da Daushe da Naburaska da Baba Ari suna nan, ga matasa na tasowa. Don Allah marubuta da daraktoci, in za ku sake shirya fim ɗin soyayya, ku ba ɗan barkwanci kawun amarya ko waliyyin ango, ko ma angon kansa, ku rubuta masa magana tun daga farko har ƙarshe.