Haibirid mai caji: awa nawa take ɗauka kafin ta cika, kuma da wace wuta za a ciyar da ita a Kudu?

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, duk mai mota a Legas ko Badun ko Fatakwal ya koma lissafin lita. Shi ya sa a wuraren dillalan tokumbo aka fara ganin wasu motoci masu murfi biyu a jiki, ɗaya na zuba fetur, ɗaya na jona caji. Ita ce haibirid mai caji. Ta bambanta da haibirid ɗin da muka saba gani, irin tsohuwar Prius, wadda injinta da birkinta ne kaɗai ke cika mata ɗan ƙaramin batirinta. Wannan batirinta babba ne, ana jona shi da wutar gida, ta yi tafiyar kilomita 40 zuwa 70 ba ta taɓa mai ba, in ya ƙare injin fetur ya karɓa.

Ni sana'ar gidanmu shanu ce, amma da yake ni nake karanta wa manyanmu takardun mota in sun saya, tambayar nan ta dawo kaina sau da yawa: awa nawa take yi kafin ta cika? Dillali zai ce maka awa biyu. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗa maka da wace wuta ba.

Lissafin ba shi da wuya in dai kana sayen yunit na mitar kati. Yunit ɗaya shi ne wutar da abu mai jan kilowat ɗaya zai sha cikin awa ɗaya, kuma da wannan ma'aunin ake auna girman batirin mota. Toyota Prius Prime ta 2017 zuwa 2022 batirinta yunit 8.8 ne, tana yin kusan kilomita 40 da shi. RAV4 Prime ta 2021 nata 18.1 ne, kusan kilomita 68. Mitsubishi Outlander ta farko 12 ne, ta 2019 kuma 13.8, wadda ta biyo bayanta ta kai 20. Motar ba ta barin batirin ya zube ƙaf, tana riƙe wani abu a ƙasa, don haka abin da mitarka za ta ci bai kai wannan adadi ba: wajen yunit 6 da rabi a Prius Prime, wajen 15 a RAV4 Prime. Raba wannan da kilowat ɗin da ke shiga motar, sai ya ba ka awannin.

To nawa ke shiga? Soket ɗin bango na gidajenmu, mai baki uku irin na Ingila, amfiya 13 aka rubuta masa, wutar ƙasar nan kuma bolt 230 ce a ƙa'ida. Amma ba a ɗora wa soket iyakar ƙarfinsa awa da awanni, don haka igiyar cajin da aka yi wa irin soket ɗinmu amfiya 10 take ja, kilowat 2.3 kenan. Da wannan Prius Prime za ta cika cikin awa 3, Outlander mai 13.8 awa 5 zuwa 6, RAV4 Prime awa 6 da rabi ko 7. In aka ja wa motar layinta na daban mai amfiya 16, Prius Prime ta koma awa 2 da minti 10, RAV4 Prime awa 4 da rabi, Outlander awa 4.

Daga nan fa sauri ya tsaya, kuma nan ne mutane ke zubar da kuɗi. Ainihin cajar tana cikin motar, ita ke juya wutar gida ta koma irin wadda batiri ke karɓa, kuma tana da iyaka. Ta Prius Prime kilowat 3.3 ce. Ko ka kafa akwatin bango mai kilowat 7 ko 22, abin da za ta sha kenan, ba ƙari. RAV4 Prime ta 2021 ma yawancinsu 3.3 ne, sai wasu da aka sa wa mai 6.6, su ne ke cika cikin awa 2 da rabi, kuma sai an ba su layi mai amfiya 32. Kafin wani ya sayar maka da babban akwati, duba cajar motarka tukuna.

Sai matsalar ƙarancin ƙarfin wuta, wadda duk mazaunin unguwa mai cunkoso ya sani. In wuta ta sauko zuwa bolt 180 da daddare, amfiya 10 ɗin nan kilowat 1.8 kawai za ta bayar, RAV4 ta koma sama da awa 8. In ta ƙara sauka, igiyar ko motar ta ƙi karɓa gaba ɗaya.

Igiyar Amurka

Wannan shi ne abin da na fi so kowa ya riƙe. Galibin tokumbonmu daga Amurka da Kanada suke, can kuma soket ɗin gida bolt 120 ne. Igiyar da ke zuwa a but ɗin motar don wannan wutar aka yi ta, shi ya sa a takardar Prius Prime za ka ga awa 5 da rabi, a ta RAV4 Prime awa 12. Motar ita kanta tana karɓar wutarmu lafiya lau. Igiyar ce abin dubawa. Akwai ɗan akwati a tsakiyarta, juya bayansa ka karanta: in 120V kaɗai aka rubuta, kar ka yarda wani ya yanke mata kai ya sa namu, ko ya haɗa ta da adafta ta ɗari biyar. Ka nemi wadda aka rubuta wa 230V ko 240V, kuma wadda ake iya rage mata amfiya, don ranar da wuta ba ta da ƙarfi.

Bakin da ke shiga motar ma ba iri ɗaya ba ne. Motocin Amurka da Japan suna da mai ramuka biyar, ana ce masa J1772 ko Type 1. Na Turai mai ramuka bakwai ne, Type 2. Waɗanda aka ɗauko kai tsaye daga kasuwar China kuma nasu GB/T ne, yana kama da na Turai a ido amma ba sa shiga juna. Ɗauki hoton bakin motarka kafin ka tafi sayen igiya.

Soket ɗin kuma a sa sabo mai kyau, layinsa daga allon fis kai tsaye, da wayar da ba ta gaza milimita 2.5 ba, kar a haɗa shi da firiza ko hita. Waɗannan dogayen soket na ja da muke cajin waya da su a shago, wallahi narkewa suke yi. Bayan awa ɗaya da jonawa ka taɓa fulogin, in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, cire. Kuma dole gidan ya kasance da wayar ƙasa ta gaske, domin igiyar tana gwada ta kafin ta saki wuta, in babu sai ta kunna jar fitila ta zauna. Gidajen haya da yawa rami na ukun soket ɗin ado ne kawai, babu waya a bayansa.

NEPA, janareto ko sola

Hukumar NERC ta kasa masu shan wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da ya kamata su samu a rana: Band A awa 20, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya dawo ɗari biyu da 'yan kai. Mu ɗauka 210. Cika Prius Prime kenan wajen naira 1,400. Wannan kilomita 40 ɗin in da fetur ta yi shi, bai kai lita 2 ba, domin motar dama ba ta shan mai. In lita tana 900, wajen naira 1,600 kenan. Kun ga ribar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. A RAV4 Prime kuwa wajen 3,100 ne a wuta, wajen 3,800 a fetur. Inda batiri ke nuna kansa shi ne cikin gosulo, a ce daga Agege zuwa Mile 12 da yamma, tunda a tsaye ba ya cin komai sai abin da na'urar sanyaya mota ta ja.

Abin mamakin shi ne, mutumin da ke ƙananan rukunai ya fi cin riba a kowane yunit, don kuɗinsa bai kai rabin na Band A ba. Matsalarsa awanni. Wanda ake ba wa awa 4 ko 8, a gutsure, kuma ba lokacin da motar ke gida ba, shi ne zai amfana da layin amfiya 16, don ya kwashi abin da zai kwasa kafin a ɗauke. In aka ɗauke ana cikin caji babu abin da zai sami batirin, ba dole ne sai ya cika ba. Abin tsoro shi ne dawowar wuta da ƙarfi, don haka a sa na'urar kare bugun wuta a layin.

Janareto kuwa, ra'ayina a fili yake: asara ce. Ƙaramin nan da ake kira I pass my neighbour ma bai isa ba, domin mafi ƙarancin abin da mota ke ja amfiya 6 ne, kusan kilowat 1.4, shi kuma bai kai kilowat ɗaya ba. Mai kilowat 3 zuwa sama zai iya, in an yi masa wayar ƙasa yadda ya kamata. Amma janareton fetur na gida abin da yake fitarwa daga lita ɗaya bai wuce yunit 2 ba. Cika Prius Prime zai ƙona lita 3 da wani abu, don tafiyar da motar za ta yi da ƙasa da lita 2 in da a tankinta ka zuba. Ga ƙara, ga hayaƙi, ga rigima da maƙwabta. In babu wuta, ka zuba man a motar ka yi gaba, ai don haka aka sa mata inji.

Sola ita ce mai kyau, amma da rana. Fanel mai wat 550 a Legas yana ba da wajen yunit 2 a rana mai kyau, da damina ƙasa da haka, don ranar Kudu ba irin ta Sakkwato ba ce. Prius Prime tana son fanel 4 nata na kanta, RAV4 Prime 8, ban da abin da gida ke sha, da inbata mai kilowat 3.5 zuwa 5. Kar a ce za a cika ta da daddare daga batiran inbata. Batiri ɗaya mai 200Ah yunit 2.4 yake ɗauka, kuma rabi ake so a taɓa in ana son ya daɗe. Guda huɗu ma ba za su cika Prius Prime ba, kuma gida ya kwana a duhu. Wannan tsarin ya fi dacewa da mai shago ko rumfa, wanda motarsa ke ajiye kusa da shi daga safe zuwa la'asar.

Tashoshin caji na waje akwai kaɗan. Hukumar NADDC ta fara kafa masu aiki da sola a jami'o'i tun 2021, ciki har da ta Legas da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Sai dai caji mai sauri da ake tallatawa, yawancin haibirid ba su da bakin karɓarsa. Prius Prime da RAV4 Prime na Amurka ba su da shi. Outlander ce ke da baki na biyu mai suna CHAdeMO, wanda ke kai ta kashi 80 cikin ɗari a wajen minti 25, in ka sami tashar da ke da irinsa.

Masu tunanin tafiya gida da Sallah, daga Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne. Batirin RAV4 Prime zai ƙare kafin ka kai Badun, sauran hanyar duk fetur ne, tana tafiya kamar kowace haibirid. Akwai maɓallin da ke sa injin ya cika batirin ana cikin tafiya, amma man tankinka yake ƙonawa ya yi hakan.

In za ka saya, alƙaluman da na kawo na sabuwar mota ne, tokumbo mai shekara shida ko bakwai batirinta ya ɗan ragu. Ka sa a cika ta a gabanka, ko ka bar ta ta kwana a jone, da safe ka ga kilomita nawa ta nuna, sannan ka tuƙa ta da batirin kaɗai har injin ya tashi da kansa. In dillalin ya ce babu igiya a but, ka cire kuɗin sabuwa daga cinikin.